Kukan ɓeran Masar: wanne ne na yunwa, wanne ne na ciwo?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam, a nan Damagaram, ta aiko cewa an sayo wa ɗanta ɓerayen Masar uku, kuma tun da suka shigo gidan bakinsu bai huta ba. Da asuba su cika tsakar gida da fito. Akwai ɗaya da ke zagaye sauran yana ƙugi yana karkaɗa ƙugu. Wani lokaci tana jin suna kaɗa haƙora. Ƙaramin cikinsu kuwa, da an ɗauke shi sai ya tsala ƙara. Tana so ta san ko ciwo ke damunsu, da yadda za ta bambance kukan lafiya da na cuta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya raya mana yaron. A cikin abubuwa huɗun nan da kika lissafa, fiton asuba ba ya tayar mini da hankali ko kaɗan. Ƙugin da kaɗa haƙoran maganar zama ce tsakaninsu, kuma fassararsu ta dogara ga ko maza ne ko mata. Ƙaramin nan mai ƙara in an ɗauke shi, shi nake so ki duba yau, kafin gobe. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, a wajen wannan dabba kukan da ya fi cika kunne yawanci shi ne mafi sauƙi. Na haɗarin ƙasa-ƙasa yake fita, sai an kasa kunne, wani lokaci ma shiru ne kawai.

Asalin dabbar daga tsaunukan Andes take, a Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonta a cikin ɗakunan girki. Kakanninta na daji a garke suke rayuwa cikin ciyawa, ba su da ƙaho, ba su da farcen faɗa, kuma shaho da maciji da sauran masu farauta duk suna nemansu. Dabbar da take haka, da murya take sanin inda ƴan'uwanta suke, kuma kunnenta ya fi namu kama siririn sauti: a ma'aunin kaifin sauti da ake kira hez, mutum yana ji har wajen 20,000, ita kuwa tana kai wajen 50,000. A shekarar 1976 wata mai bincike a Ingila, Julia Berryman, ta naɗi muryoyinsu ta rarrabe kuka iri 11. Mai kiwo a gida ba sai ya haddace su duka ba, amma lallai ya saba haɗa kunne da ido. Kuka ɗaya kan ba da ma'ana biyu, kuma jikin dabbar ne ke raba gardama.

Fiton nan mai tsawo da ke hawa sama, kwiii-kwiii-kwiii, kiran abinci ne. Da shi jariri ke kiran uwarsa in ta ɓace masa, kuma na gida sukan girma da shi su mayar da shi kan mai ba su ci. Ki lura da abin da ke tayar da shi a gidanki. Zan iya cewa ƙarar leda ce, ko buɗe ƙofar ɗaki bayan sallar asuba, ko takun yaronki. Cikin ƴan kwanaki suke koyon wane motsi ne ke zuwa da ganye, kuma ba sa mantawa. Mai wannan fiton za ki gan shi ya miƙe a bakin keji, hanci sama, ido tar, kunnuwa na motsi. Ni in na shiga gidan da ake kiwonsu suka tarbe ni da wannan hayaniya, raina daɗi yake yi, domin dabbar da ke roƙon abinci da ƙarfinta tana da sauran lafiya. In yana damun barcin maigida, a cika musu busasshiyar ciyawa da daddare yadda za ta kai su safe. Dama bai kamata ciyawa ta yanke musu ba ko na awa ɗaya, dare da rana suke ci kaɗan-kaɗan. Sai dai in kin ware ɗaya shi kaɗai yana ta wannan fito ba ƙaƙƙautawa alhali ga abinci a gabansa, ƴan'uwansa yake nema. Kaɗaici yana cutar da su sosai, har ƙasar Suwizalan ta hana ajiye guda ɗaya tilo a dokarta tun 2008.

Akwai ɗan gunagunin da suke yi suna yawo suna shinshine-shinshine, cut-cut-cut a hankali. Wannan hankali kwance ne. Haka ma in ƙanana suka riƙa tuma sama suna murɗa jiki ba gaira ba dalili, murna ce, kada ki ɗauka farfaɗiya ce.

Gurnani ne ya fi rikita masu kiwo, domin iri uku ne. In yaronki yana shafa shi, ya ji jikin na rawa a tafin hannunsa da wani durrrr mai taushi, dabbar ta saki jiki, ta lumshe ido, ko ta miƙe ƙafa, to tana jin daɗi. In kuwa gurnanin ya ɗan yi sama, jiki ya ƙage, tana ture hannun da kai ko tana zillewa, cewa take a ƙyale ta. Yawancinsu ba sa son a taɓa musu gindin baya da ciki, kuma ba sa son a shafa gashi ta baibai. Na ukun gajere ne, durr sau ɗaya, dabbar ta sandare wuri guda ido a buɗe. Wani sauti ne ya razana ta, ko ƙarar waya, ko faɗuwar kwano, ko makullai. Wannan ba ya daɗewa, da ta ga ba komai za ta koma kan ciyawarta. Yara sukan ji duk wani gurnani su ce yana so, su ƙara matse shi. Ki koya wa yaronki ya riƙa duba jiki, in ya ƙage ya sauke shi.

Shi kuma mai ƙugi da karkaɗa ƙugu, sautinsa ya fi gurnani kauri, kamar babur ɗin kabu-kabu da aka bari a kunne can ƙofar gida. Yana tafiya a hankali, yana jujjuya nauyinsa daga ƙafar baya zuwa ɗayar, wani lokaci gashin wuyansa a tashe. Abu biyu ke sa shi: neman mace, ko nuna wa ɗan'uwa wane ne babba. Maza suka fi yi, amma mace ma takan yi in lokacin barbararta ya zo, wanda ke zagayowa duk kwana 15 zuwa 17. In macen ba ta so za ki ji tana wani ƙorafi mai ja, iiii-iiii, ta harba ƙafa, har ta fesa masa fitsari.

A nan zan ɗan tsaya, don masu sayarwa ba kasafai suke tantance maza da mata ba. Ki juya kowanne a hankali, ki ɗan danna saman al'aurarsa da yatsa. Na namiji zai fito, na mace kuwa tsaga ce mai kama da harafin Y. In kin samu namiji da mace a haɗe, ki ɗauka akwai ciki. Cikinsu kwana 59 zuwa 72 ne, ƴaƴan suna fitowa da gashinsu da haƙoransu, ido a buɗe, kuma uwar tana iya ɗaukar wani cikin ƴan awoyi bayan haihuwa. Don haka a cire namijin kafin ta haihu. Ƴaƴa maza ma a raba su da uwa da ƴan'uwansu mata da sun cika mako 3, domin mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata ɗaya. Macen da ba ta taɓa haihuwa ba har ta wuce wata 6 zuwa 7 kuwa, ƙashin ƙugunta yakan ƙi buɗewa yadda ya kamata, haihuwar fari ta zame mata haɗari. In maza biyu ne da mace ɗaya, kin samu dalilin kaɗa haƙoran, kuma ba za su daina ba sai an raba.

Kaɗa haƙora, kat-kat-kat da sauri, gargaɗi ne. Kaɗan daga ciki ba laifi, haka suke shirya wa ke gaba wa ke baya, musamman a makonnin farko a sabon wuri, ko lokacin da samari ke balaga. Za ki ga suna ɗaga hanci sama suna gwada tsawo, suna hawan juna, suna ɗan kora. In ƙaramin ya yi tsuwa ya kauce, maganar ta mutu, kada ki shiga. Amma in kaɗawar ta yi ƙarfi daga ɓangare biyu, gashi ya tashi, suna hamma suna nuna haƙora, suna huci, to saura ƙiris su cure. Kada ki sa hannu tsakaninsu, a wannan hali ba sa gane mai ba su abinci, kuma cizonsu yana shiga. Ki jefa musu zane ko ki tsaga tsakaninsu da faifai. In har jini ya fita, zamansu tare ya ƙare, a raba su da waya yadda za su riƙa ganin juna. Mafi yawan faɗan da nake gani ƙuncin wuri ne ke kawo shi. Biyu suna buƙatar aƙalla santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi, uku fiye da haka. A sa maɓoya daidai yawansu, kowace da ƙofa biyu don kada a tare wani a ciki, a kuma raba abinci wuri biyu.

Yanzu ga ƙaramin. Ƙara mai kaifi da ke fita lokaci guda, tsoro ce ko zafi. Tsoron yana da sauƙin ganewa: hannun da ya sauko daga sama, a wajensa shaho ne. A zo masa ta gaba, a bari ya shinshina, a sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallabe gindi, a manna shi a jiki. Kada a ɗaga shi ta fatar wuya ko ta ciki, kuma yaro ya zauna a ƙasa kafin a ba shi, don faɗuwa daga tsaye tana karya musu baya. In tsoro ne, zai yi shiru da ya ji shi a tallabe, kuma abin zai ragu cikin mako ɗaya ko biyu.

In an ɗauke shi daidai amma bai fasa ƙara ba, abu biyu nake fara zargi a garin nan. Na farko rashin bitamin C. Ɓeran Masar, kamar mutum, jikinsa ba ya haɗa wannan sinadari, sai ya ci. A kan ɓeran Masar ne ma likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ga cutar da wannan rashi ke kawowa a jikin dabba a 1907. Mu kuma a nan abin da hannu ya fi kaiwa gare shi dusa ce da harawa da busasshiyar ciyawa, kuma babu ɗayansu da ke ɗauke da bitamin C ɗin kirki. Mako biyu zuwa uku a kan wannan ci sun isa. Jini yana tsattsafowa a cikin gaɓoɓi, su kumbura, su yi zafi. Dabbar ta riƙa ɗingishi ko tsallen zomo, gashi ya yi buzu-buzu, dasashi ya yi jini, kuma ko ina aka taɓa sai ta yi ƙara. Masu tasowa da masu ciki shi ya fi kamawa, shi ya sa ƙaramin naki ya tsaya mini a rai. Buƙatarsu a rana wajen miligiram 10 ce a kowane kilo na nauyin jiki, mai ciki ko marar lafiya har 30. Yanki ɗaya na ɗanyen tattasai marar yaji kowace rana ya biya wannan buƙata. Ɗan yankin gwaiba ma yana yi, sai ganyen salati da ɗan kabeji, a wanke su tas saboda maganin feshi. Lokacin sanyi, da kayan lambun Mirriya da Gidimuni suka cika Kasuwar Dole, abin da sauƙi. Da bazara ne, in ganye ya yi tsada, ake mantawa da su. Kada ki dogara da zuba bitamin a ruwan sha, zafi da haske suna kashe shi da wuri, kuma ɗanɗanonsa kan sa su ƙi shan ruwan. Albasa, tafarnuwa da ɗanyen dankalin Turawa kuwa kada su kusance su.

Na biyun ƙazuwa ce. Wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, tana haƙa cikin fata. Ki buɗa gashin kafaɗa da wuya da baya. In kin ga amosani, ɓawo, gashi na zubewa, ko yana susa har yana ji wa kansa rauni yana ƙara, ita ce. Ƙaiƙayinta yana da tsananin da har yakan sa dabba ta faɗi tana shure-shure. Maganinta ivermectin ne, amma likitan dabbobi ne zai auna gwargwadon nauyi, a maimaita, kuma duka ukun za a yi wa. Kada a shafa masa baƙin mai ko kananzir ko maganin kaska na shanu. Fatar da ta riga ta tsage ba ta ɗaukar wannan, kuma zai lashe.

Akwai wata ƙaramar ƙara da mutane ba sa kulawa da ita, ta lokacin fitsari ko kashi. Dabbar ta gantsare baya, ta yi yunƙuri, ta yi iik-iik a hankali. Ki ɗora ta a kan farin ƙyalle na ɗan lokaci ki duba. Fitsarinsu dama fari-fari ne mai kauri, wannan ba komai. Ja ko ɗigon jini, ko busasshen fitsari mai gautsi kamar yashi in an murza, shi ke nuna tsakuwa ko ciwon mafitsara. Harawar wake da ta gyaɗa suna da sinadarin kalsiyam da yawa, zogale ma haka. Ga masu tasowa da masu shayarwa suna da amfani, amma ga babba su zama ƙari kawai, tushen cinsa ya kasance ciyawa irin su ƙyasuwa da harƙiya, a tsince ƙarangiya don tana tsokane musu ido. Namijin da ya kasa fitsari sam, wannan na gaggawa ne.

Kada ki haɗa kaɗa haƙora da tauna haƙora. Taunawar a hankali take, gurus-gurus, baki ba komai a ciki, dabbar ta takure a lungu, gashi a tashe, ido a ƙanƙance. Ciwo ne, sau da yawa na ciki ko na haƙori. Haƙoransu 20 ne kuma dukansu ba sa daina tsiro, ciyawa ce ke goge su. Wanda aka tashe shi da dusa da tuwo, turamensa sukan yi tsawo su karkace har su tare harshe. Za ki ga ya zo wajen abinci da ɗoki, ya ɗauka ya yar, haɓarsa a jiƙe da miyau. Ɓeran Masar ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya jure zama babu komai. In ya yi awa 12 bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, a nemi likita a ranar.

Numfashin mai lafiya ba a jin sa. Atishawa jefi-jefi in ya tusa kai cikin ciyawa ba komai ba ce. Amma in kin kai kunnenki kusa da ƙirjinsa kika ji ƙaras-ƙaras, ko shaƙar iska mai fito, ko wani huu-huu a kowane numfashi, ga majina, ga kwantsa, to huhu ne, wani lokaci zuciya, kuma ciwon huhu yana iya kashe su cikin kwana biyu ko uku. Daga Disamba zuwa Fabrairu aka fi ganin wannan, lokacin ƙurar hunturu da sanyin asuba. A kare kejin daga iskar gabas da buhu, a bar gefe ɗaya a buɗe. A nisanta shi da hayaƙin murhu, turaren wuta da maganin sauro, na kunnawa da na fesawa. Kada a shimfiɗa musu garin katako mai laushi na wajen kafinta, kuma a riƙa sauya shimfiɗa kafin zarnin fitsari ya tashi. Kada a haɗa su da zomaye ko da kuwa kin ga ana yi. Zomo yana ɗauke da ƙwayar cutar Bordetella ba tare da ta dame shi ba, su kuwa tana kwantar da su, ban da harbin ƙafarsa.

Ina roƙonki da babbar murya, in kin ji irin wannan numfashi kada ki aika a sayo kafso wajen masu tallan magani. Penisilin, amoksisilin, ampisilin, eritromaisin da linkomaisin suna kashe ƙwayoyin hanjinsu masu amfani, masu dafi su yaɗu, zawo ya biyo baya, dabbar ta mutu. Maganin da ya yi wa kaza ko akuya aiki yana iya zama ajalin ɓeran Masar. Ko likitan dabbobi ne, in ya fi sabawa da shanu da tumaki, ba laifi ba ne ki tuna masa da wannan cikin ladabi.

Shirun da na fi tsoro shi ne na bazara. Dabbar nan tana jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, daga 28 zuwa sama ta shiga wahala, kuma ba ta gumi. Ke kin san abin da Afrilu da Mayu suke yi a Damagaram, 40 ta zama abin yau da kullum. Wanda zafi ya kama ba ya ƙara. Zai miƙe a ƙasa, numfashi sama-sama, miyau na zuba, in kin kaɗa leda ba zai ɗaga kai ba. Ta hanci kaɗai suke numfashi, don haka in kin ga baki a buɗe yana haki, abin ya kai maƙura. Ki kai shi inuwa, ki jiƙa kunnuwa da ƙafafu da ruwan randa, ki shafa a jiki, ki yi masa fifita. Ban da ruwan ƙanƙara, sanyin farat ɗaya yana ƙarasa shi. Tun kafin a kai nan, a ɗauke kejin daga ƙarƙashin rufin kwano, a kai shi ɗakin ƙasa ko gindin randa inda ƙasa ke da danshi, a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, a sa gorar ruwan sanyi naɗe da tsumma su jingina da ita. Ruwan sha kuma a sauya safe da rana da yamma.

Wata rana cikin dare kina iya jin kamar tsuntsu ya shigo ɗaki, tsit-tsit-tsit a jere na ƴan mintuna, ki haska ki ga ɗayansu ne a tsaye ƙyam, sauran sun yi tsit. Ba kowane mai kiwo ke taɓa jin wannan ba. An fi danganta shi da faɗakarwa, don haka ki zagaya da fitila ki duba ko kyanwa ko gafiya ko maciji na kusa. In ba komai, ki bar shi, zai daina da kansa.

Game da ƙaramin, ki fara ba shi tattasai yau, ki buɗa gashinsa, ki sa shi ya yi tafiya a kan tabarma ki ga yadda yake taka ƙafafun baya. Ki auna dukansu a sikelin awo sau ɗaya a mako ki rubuta. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, mai tasowa kuma kullum gaba ya kamata ya yi. In babba ya sauke giram 50 a mako a sa masa ido, in ya kai 100 a kai shi likita. In za ki je, ki naɗi kukan da wayarki tare da hoton bidiyo, domin a gaban baƙo sandarewa suke yi su yi gum, likitan ba zai ji abin da kike ji a gida ba.